Kwalaben humra da zuma: kwalin da zai nuna su, da kwalin da zai kai su Yamai lafiya

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce kina haɗa humra da turaren jiki a gida nan Garin Malam a Zinder, kina kuma saro zuma ki ɗura a kwalba, kina aikawa Yamai da Agadas ta motar kar. A aiken da ya wuce, cikin kwalabe 48 guda 7 suka fashe, wasu suka yi yoyo suka ɓata takardun sauran, ga shi kuwa kin naɗe kowace da jarida kin cika katon da tsumma. Yanzu kina son kwali mai taga, wanda mai saye zai hangi kwalbar a ciki, kuma ya tsare ta a hanya. Allah ya mayar miki da alheri. Na daɗe ina yanka kwalaye da shirya kayan fashewa ga ƴan kasuwar garin nan, kuma irin wannan asarar tana yi mini ciwo, domin na san kwanakin da humra take ci kafin ta nuna.

Zan fara da abin da wataƙila ba ki so ji ba: kwali ɗaya ba zai yi miki aikin nan biyu ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Kwalin nuni yana son siriri, mai santsi, mai buɗaɗɗiyar fuska. Kwalin tafiya yana son kauri, rufaffe ruf, babu ruwansa da kyau. Duk wanda ya matsa sai ya haɗa su, zai ƙare da abin da bai yi kyau a kanta ba, bai kuma jure hanya ba. Kwalin nuni riga ce, aikinsa kwalliya da riƙe kwalba ɗaya kada ta motsa. Katon na waje shi ne mai shan duka. Idan kika raba su haka a ranki, sauran duk aikin awo ne da reza.

Yana da kyau ki san yadda gilas yake mutuwa, don daga nan komai ya taso. Gilas yana da ƙarfin ɗaukar danniya sosai, sabuwar kwalba a tsaye tana iya ɗaukar nauyin da zai ba ki mamaki. Rauninsa yana wajen ƙarzuwa. Duk ƴar ƙanƙanuwar ƙarzuwa a jikinsa, ko da ido bai gan ta ba, ita ce ƙofar da tsagewa za ta bi ranar da ya sha bugu. Abin da ya fi ƙarzar gilas kuwa shi ne gilas ɗan uwansa, sai rairayi. Daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Ki ɗauka kwalabe biyu suna jingine da juna, takardar jarida ɗaya ce tsakaninsu. Tun kafin a kai Tasawa girgizar mota ta murje jaridar ta yi laushi, ta zame ƙasa. Daga nan sai gogayya, awa bayan awa, har ramin da zai ƙarasa aikin ya zo. Mutane suna cewa ramin ne ya fasa. Ni a wurina ramin ƙarasawa kawai ya yi. Tsumma ma haka yake, yana da laushi amma ba ya tsayawa inda aka sa shi. Girgiza tana tura abu mai nauyi ƙasa ta tara shi wuri ɗaya, tsumman ya taso sama. Kin rufe katon a cike, a Yamai aka buɗe shi kwalaben suna rungume da juna a gindi.

In wadda ta karɓi kayan ba ta zubar da fasassun ba, ki ce ta ɗauko miki hotonsu, domin fasasshiyar kwalba tana faɗin abin da ya same ta. Wadda ta fashe a kafaɗa ko a ciki, karo ta yi da ƴar uwarta. Wadda gindinta ya ɓalle, faɗuwa katon ya yi kuma babu shimfiɗa mai kauri a ƙasa. Wadda wuyanta ya karye, an ɗora nauyi a sama ya sauka a kan murfi, ko an kwantar da katon an danne shi. Wadda kuwa ba ta fashe ba amma ta jiƙe, wannan ba laifin kwali ba ne sam, laifin cikawa ne da murfi.

Bari in tsaya a kan wannan na ƙarshe, don shi ne wanda matanmu masu turare suka fi faɗawa, kuma da kyakkyawar niyya. Kina son mai saye ya ga ba ki tauye shi ba, sai ki cika kwalba har baki. To ruwa yana kumbura in ya ji zafi, gilas kuma kusan ba ya buɗawa. Turaren da aka haɗa da alkol, in kin ɗura mililita 100 da safe ana digiri 25, ya shiga cikin mota ya kai digiri 50, zai ƙaru da kusan mililita 3. Mai, irin na gyaɗa ko na riɗi ko turare mai maiƙo, zai ƙaru da kusan 2. Kin san kuma a watan Afrilu da Mayu garin nan yana wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin tampol a saman mota tsakanin Tanut da Agadas. Wannan ƙarin dole ya sami wurin zuwa. In babu iska a sama da zai matsa, zai bi ta zaren murfi ya fito, ko ya tura ƙwallon nan na ƙananan kwalaben shafawa ya ɗaga. Saboda haka ki tsaya a kafaɗa, ki bar wuya fanko. A ƙananan kwalaben tola da rabin tola da kwata, wato masu mililita 12 da 6 da 3, ki bar ɗan sarari da ido zai gani ƙarƙashin ƙwallon. In kina gudun a ce kin rage, ki auna da sirinji ki rubuta adadin a takarda. Mai saye da ya ga an rubuta 100 kuma ya sami 100 ba zai yi ƙorafi ba.

Murfi kuma ki duba cikinsa. Nagari yana da ɗan faifai mai laushi a ciki, ko toshiyar roba da ake fara cusawa kafin a murɗa. Wanda babu ko ɗaya, roba ce tsura a kan gilas, ba zai riƙe turare ba komai ƙarfin da kika sa, ƙarshenta ma ki tsaga shi. Farin zaren nan na masu gyaran famfo yana taimako, zagaye biyu ko uku a kan zaren kwalbar, ta ɓangaren da murfi yake juyawa, kuma turare ba ya cin sa. Bayan kin rufe, ki kwantar da kwalaben a kan farar takarda su kwana. Da safe duk wadda ta bar tabo ki ware ta. Gwajin nan ba ya cin ko dala, amma mutane kaɗan ne suke yin sa.

Tsofaffin kwalabe da ake wankewa a sake amfani da su, ban hana ba, na san tsadar sababbin da ake kawowa daga Kano. Sai dai ki ɗaga kowace a rana. Wadda kika ga farin zobe ya zagaye kafaɗarta ko dugaduginta ta riga ta sha gogayya, ki bar ta ga cinikin cikin gari. Wadda bakinta ya ɗan ɓantare ki jefar. Kada kuma ki zuba tafasasshen ruwa cikin kwalba mai sanyi, musamman da hunturu. Bambancin zafin da ya wuce digiri 40 a lokaci ɗaya yana iya tsaga irin wannan gilas, wani lokaci tsagar ba ta bayyana sai a hanya. A fara da ruwa mai ɗumi, a ƙara zafi a hankali. Masu ɗura man shanu da zafinsa su ma su kiyaye wannan.

Yanzu kwalin nunin. Abin da ya fi muhimmanci a cikinsa ba ya ganuwa daga waje, shi ne abin da yake riƙe kwalbar. Ki tuna gammo. Tulu ba ya zama a kan mace sai an yi masa mazauni daidai gindinsa. Kwalba tana son gammo biyu, ɗaya a gindi, ɗaya a wuya. Na gindin ɗan dandamali ne na kwali, a naɗe gefunansa ƙasa ya tashi kamar santimita 1 zuwa 2, a huda tsakiyarsa daidai faɗin kwalbar. Ni nakan rage ramin da kamar milimita ɗaya, in yi masa ƴan tsage-tsage a kewaye, yadda in an cusa kwalbar leɓɓan za su lanƙwashe su cafke ta. Na wuyan shi ma haka, allo ne mai rami da ke shiga ta kan murfi ya zauna a kafaɗa, gefunansa su tokare bangon kwalin ta kowane ɓangare. In an yi su daidai, kwalbar tana tsaye a tsakiya, ba ta taɓa bango, ba ta taɓa tagar, murfinta bai taɓa rufin ba. Ki rufe ki girgiza kusa da kunnenki. In kin ji wani abu ya motsa, aikin bai yi ba, a sake awo. Wannan sararin iska da ke kewaye da kwalbar shi ne tsaronta, domin in an bugi kwalin, bangon yana da wurin lotsawa kafin bugun ya isa gilas.

Taga kuwa, a nan ne nake yawan jayayya da masu kawo mini aiki. Kowa yana son a buɗe fuskar gaba duka. Amma ƙarfin kwali yana kusurwoyinsa huɗu, su ne ginshiƙansa. Da zarar kin yanka taga har kusa da kusurwa kin sare ginshiƙi, ki ɗora wani a kansa ki ga ya durƙusa. Ki bar aƙalla santimita ɗaya da rabi daga kowane gefe, kuma kada tagar ta wuce rabin fuskar. Kusurwoyin tagar a zagaye su, don yagewa daga kusurwa mai tsini take farawa. Ban da haka ma, me mai saye yake son gani? Launin humrar da kaurinta, da ko zumar ta yi tas. Doguwar siririyar taga a tsaye tana nuna masa wannan duka, har da inda ruwan ya tsaya. Siffar ƙofar zaure mai baka a sama, irin ta tsofaffin gidajen unguwar Birni ta nan Zinder, tana yin kyau ƙwarai a kwalin turare, kuma bakan ba ya yagewa. Wanda ya gani a Yamai ya san daga inda kayan suka fito tun kafin ya karanta.

Akwai dalili na biyu na ƙanƙanta taga, wato haske. Rana tana kashe ƙamshi, tana juya launin turare, tana sa mai ya yi ɗaci da wuri. Shi ya sa magunguna da yawa suke zuwa cikin kwalba mai ruwan ƙasa, wadda take tare mafi yawan hasken da ke yin wannan ɓarna. Farar kwalba ba ta tare kusan komai. In kayanki cikin farar kwalba suke, kwalin shi ne inuwarsu, kada ki yanke inuwar da hannunki.

Robar da ake mannawa a bayan taga iri-iri ce. Ki nemi mai ɗan tauri, irin wadda masu buga takardu suke sa wa bangon littafi, a manna ta daga ciki, ta zarce ramin da kamar santimita ɗaya ta kowane gefe. Tana tare ƙurar hunturu da yatsun masu taɓawa. Amma ki sani ba ta tare bugu, kuma zafi mai tsanani yana lanƙwasa ta. In kayan na baje koli ne na ƴan kwanaki, irin SAFEM da mata masu sana'a suke kai kaya a Yamai, ana iya barin tagar a buɗe ba roba, ya fi sauƙi kuma ya fi kyau a hoto.

Farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake samu cikin kwalin firji da talabijin, ki nisanta shi da turare. Wasu mayukan ƙamshi, musamman masu lemo a ciki, suna narkar da shi. Ɗigo kaɗan ya isa ya zama danƙo ya manne a jikin kwalba, mazaunin da kika dogara da shi ya ɓace a tsakiyar tafiya. Ga zuma babu laifi. Soson katifa yana yi in mai tauri ne, mai laushin yana lotsewa har ƙasa ƙarƙashin kwalba mai nauyi, ya zama kamar babu shi. Ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da garin katako suna cike gurbi, amma su ma suna zamewa kamar tsumma, suna kuma tafe da rairayi da ƙwari. In dole ne, a ɗura su cikin ƙananan jakunkuna a ɗinke su zama matasai, kada a zuba su tsura. Kwalin ƙwai ya fi su duka wajen shimfiɗar ƙasa da ta sama, ga shi ana samun sa ko'ina.

Wani abu da nake so ƴan garin nan su riƙa tunawa: ba yau muka fara tunanin mazubin turare ba. Kakanninmu suna da tandu na fata, wanda ake zuba mai da kwalli a ciki a bi ayari da shi har Agadas, ya faɗo daga kan raƙumi bai fashe ba. Dukawan Damagaram kuma sunansu ya kai nesa wajen aikin fata. Ga kayan lefe da na kyauta, inda mai saye ba ya ƙyashin ƙarin kuɗi, ki je wurinsu da kwalbarki su ɗinka mata kube, a bar tsaga a gaba inda launi zai fito. Fata tana shan bugu, tana hana ƙarzuwa, tana tare rana, kuma ba a jefar da ita bayan turaren ya ƙare. Abu biyu za ki kula. Fatar ta sha iska sosai, don warin jima kada ya riga ƙamshinki isa hancin mai saye. Jan rini kuma yana zuba in alkol ya taɓa shi, don haka a yi mata shafi da farin yadi a ciki. Ƙaramin adudu na kaba mai murfi shi ma yana ɗaukar kwalabe uku ko huɗu na saiti, muddin an sa masa allon kwali mai ramuka a ciki. Kaba ita kaɗai ba ta hana su karo.

Sai katon na tafiya. Ki yaga gefen wani ki duba: takarda biyu ne, a tsakaninsu wata mai lanƙwasa kamar kwanon rufi. Wannan mai hawa ɗaya ke nan. Mai hawa biyu yana da lanƙwasa biyu da takarda uku, kaurinsa kamar milimita 6 zuwa 7. Ga gilas da zai yi doguwar hanya, mai hawa biyu nake ba da shawara. Ramukan lanƙwasar dole su kasance a tsaye, daga ƙasa zuwa sama, don ta nan yake ɗaukar nauyi. Masu yanka tsohon katon su sake ɗinka shi sukan manta da wannan, su kwantar da ramukan, sai ki ga katon mai kauri ya lotse kamar tsumma. Tsohon katon da ake saye a Kasuwar Dole yana yi, in kusurwoyinsa ba su karye ba kuma bai taɓa jiƙewa ba. Danshi babban abokin gabarsa ne. Kwalin da ya sha laimar damina yana iya rasa kusan rabin ƙarfinsa ko da ruwa bai taɓa shi ba, don haka a watan Yuli da Agusta kada ki ajiye shi a ƙasa ko jikin bango, kuma ki sa masa rufi daga waje in zai hau saman mota.

Idan kowace kwalba tana cikin nata kwalin nuni, to ki jera su a tsaye, a matse, babu gurbi. Tsakaninsu da bangon katon ki bar kamar santimita 5 ta kowane ɓangare, har sama da ƙasa, ki cike da kwalin ƙwai ko naɗaɗɗen kwali. In kuma tsirara za su tafi, a haɗa kwalayen nunin a can (wannan ma dabara ce mai kyau, don suna tafiya a shimfiɗe ba su ɓaci ba), to sai an yi musu ɗakuna. Ga kwalabe 12, layi uku sau huɗu, kina bukatar dogayen alluna 2 da gajeru 3. A tsaga dogayen daga sama zuwa rabi, gajerun daga ƙasa zuwa rabi, a sarƙe su. Ga 24, dogaye 3 da gajeru 5. Tsawon allunan ya kai rufin katon daidai, ya ɗan fi kwalbar tsawo, yadda in an ɗora buhu a sama allunan ne za su ɗauka, ba murafe ba. In za a yi hawa biyu, a sa cikakken allo a tsakani. Kowace kwalbar turare kuma ta shiga ƴar jakarta a ɗaure, don in ɗaya ta yi yoyo ta tsaya a kanta. Ki nemi mai kauri wadda za a sake amfani da ita, domin siririyar ledar nan tun 2014 akwai dokar da ta hana ta a ƙasar nan, kuma ko ba doka ba ta riƙe komai. Wajen rufewa, sikoc mai faɗi a bi tsakiya, sannan a bi gefuna biyu, sama da ƙasa duka. Na ƙasan ya fi na saman muhimmanci.

Zuma tana da nata hukunci saboda nauyi. Lita ɗaya tana kai kilo 1.4, alhali lita ɗaya ta man gyaɗa ba ta cika kilo ba. Kwalabe 12 na lita kusan kilo 17 ke nan na zuma zalla, in an haɗa da gilas an haura 20. Katon mai irin wannan nauyi ba a ajiye shi, sakin sa ake yi, kuma ban ga laifin yaron da ya ɗauki kaya tun asuba ba. Ki raba shida-shida. A ganina ma, zumar da za ta yi nisa ki aika ta cikin jarka mai tsabta ta abinci, kwalaben su tafi fanko, wakiliyarki ta ɗura a can. Kwalba fanko ta fi jure hanya nesa ba kusa ba, in ma ta fashe kwalba kawai kika rasa. Kada kuma ki haɗa zuma da humra a katon ɗaya ko da akwai wuri. Ɗigon humra ɗaya a kan murfin zuma ya isa mai saye ya ce an yi mata haɗi.

Kafin ki ba da kuɗin buga kwalaye masu yawa, ki yi gwaji da guda ɗaya. Ki cika tsofaffin kwalabe irin naki da ruwa (na zuma ki ƙara rairayi har nauyin ya yi daidai), ki shirya katon kamar yadda zai tafi, ki sake shi a kan siminti. Masu gwajin kaya na ƙasashen waje suna sakin katon da bai kai kilo 10 ba daga tsawon kusan santimita 75, wanda ya fi haka har zuwa kilo 18 daga kusan 60, kuma sau 10 suke yi: sau ɗaya a kan kusurwa, sau uku a kan gefunan da suka haɗu a wannan kusurwar, sau shida a kan fuskokin. Santimita 75 tsawon tebur ne. Na kusurwar shi ne mai tona asiri. Girgizar hanya kuma ba ta gwaduwa a tsakar gida, don haka nakan ɗaure katon a bayan kabu-kabu a je Mirya a dawo, kusan kilomita 18 kowace tafiya. In an buɗe, ba fashewa kaɗai nake dubawa ba. Ina duba ko takardar suna ta goge, ko akwai farin gari a gindin ɗakunan, ko wani allo ya kwanta. Kowanne alama ce cewa akwai abin da ke motsi.

A tasha, ki je da kanki ko ki aiki wanda zai tsaya har a loda. Ki zana kibiyoyi biyu masu kallon sama da hoton kofi a fuskoki huɗu, da jan alƙalami mai kauri, don ba kowa ke karanta FRAGILE ba amma kowa yana gane kibiya. Ki roƙa a sa miki a cikin ma'ajiyar ƙasa, nesa da injin, a saman kaya ba a ƙarƙashin buhuna ba. In dole sai saman mota, igiya ce abin tsoro, tana yanka gefen katon in an ja ta da ƙarfi, sai a sa wani lanƙwasasshen kwali a inda za ta bi. Ki gaishe da yaran lodi da mutunci, ki faɗa musu abin da ke ciki, ki ba su na ruwa. Na ga bambancin da wannan yake yi da idona. Wanda kuma zai tafi da turarenki ta jirgin sama, ki gaya masa turare mai alkol yana cikin kayan da ke kama wuta a dokar jirage, kuma a yawancin filayen jirgi, a jakar hannu ba a wuce mililita 100 a kwalba ɗaya.

A shago ko rumfa aikin bai ƙare ba. Akwatin gilas da ke fuskantar yamma tanda ce daga azahar zuwa la'asar, ki juya shi ko ki yi masa rumfa. Kwalba mai zagaye cike da ruwa garau tana tattara hasken rana wuri ɗaya har ta ƙona takarda ko yadin da ke bayanta. Kowane kanta a buga masa ɗan katako a baki, tsawon yatsa biyu, don gefen hijabi ko hannun yaro kada ya share layi guda. Masu nauyi a ƙasa, ƙanana a sama. In kafinta ya yi miki ƴar matakala mai hawa uku, ya huda ramuka daidai gindin kwalabe, za su fito a ido duka kuma babu mai faɗuwa. Ga kowane irin turare ki fitar da kwalba ɗaya ta gwaji a gaba, ita za a taɓa, ita za a shinshina, sauran su zauna cikin kwalayensu a inuwa. Mai saye yana son ya karɓi wadda ba a buɗe ba.

Tunda kin ce kwalabenki iri uku ne, kada ki buga kwali iri uku tun yanzu. Ki zaɓi wadda ta fi tafiya, ki tabbata mai kawo miki ita zai ci gaba da samun irinta, domin in faɗinta ya sauya da milimita 3 kawai gammon ya daina riƙewa. Ki kai wa mai yankan kwalbar kanta da murfinta a rufe, ba awo a takarda ba, ya yi miki guda 5 da hannu a farin kwali ba bugu. Da su za ki yi gwajin siminti da na Mirya. Aiken Agadas na gaba ki sa biyu daga cikinsu a tsakiyar katon, ki ce wa wadda za ta karɓa ta ɗauki hoton cikin katon tun kafin ta taɓa komai, ta turo miki ta WhatsApp.